Shekara uku ina jinyar mijina, zuciyata ta bushe: ko har yanzu ina ƙaunar Allah?

Mama, ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni matar aure ce, shekarata 43, muna zaune a wani gari a kudancin Kaduna da 'ya'yanmu huɗu. Maigidana malamin firamare ne. Yau shekara uku ke nan da hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ma sai kalma ɗai-ɗai. Ni ke masa wanka, ni ke ba shi abinci, ni ke kwashe fitsari da bayan gida. Mutumin da bai taɓa ɗaga mini murya ba, yanzu sai ya ture kwano, ko ya fashe da kuka babu dalili. 'Yan'uwansa sun yi zirga-zirga a watannin farko, daga baya ƙafa ta ɗauke, har wata yayarsa tana cewa a bincike ni. Wani da ake kira annabi ya ce jifa ne daga dangi, sai na shuka iri, wato na ba da kuɗi. Na sayar da keken ɗinkina na kai masa kuɗin. Ya ce a bar maganin asibiti don a nuna bangaskiya, muka bari wata biyu, da tsoro ya kama ni na koma asibiti. Na cire babbar 'yata daga sakandare don ta taya ni. Duk wanda na kai wa kuka a ikilisiya sai ya ce, "Ki yi haƙuri, gicciyenki ne, ki ɗauka saboda ƙaunar Allah." Mama, ina so in ɗauka. Amma wani dare na ce wa Allah ya ɗauki ɗayanmu, ko ni ko shi. Tun daga ranar ban ƙara cin Jibin Ubangiji ba, wato gurasa da ƙoƙon da ake rabawa a sujada, addu'a ma ba ta fitowa. Mai ƙaunar Allah za ta faɗi irin wannan magana?

'Yata, sannu. Sannu da jinya, sannu da ɗawainiya, Ubangiji ya ƙara miki ƙarfi.

Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe, don ita ce ta hana ki barci. Eh, mai ƙaunar Allah tana iya faɗin haka, kuma bayin Allah manya sun riga ki faɗa. Musa, da nauyin jama'a ya yi masa yawa a jeji, ya ce wa Ubangiji in haka za a ci gaba gara ya kashe shi ya huta. Wannan yana cikin Littafin Ƙidaya sura 11. Ayuba ya la'anta ranar da aka haife shi. Iliya kuwa, bayan wuta ta sauko a Dutsen Karmel a idon kowa, ya gudu cikin jeji, ya zauna a gindin wani itace, ya ce ya isa, a ɗauki ransa. Ki buɗe 1 Sarakuna 19 ki ga abin da Allah ya yi da shi. Bai tsawata masa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko mala'ika da abinci da ruwa, ya sake barinsa ya kwanta, ya sake ciyar da shi. Sai bayan jiki ya dawo ne aka yi magana, kuma cikin abin da aka ba shi har da mataimaki, wato Elisha. Barci, abinci, sannan abokin aiki. Ke kuma shekara uku ba ki sami ko ɗaya yadda ya kamata ba, ga shi kina tuhumar kanki da rashin bangaskiya.

Duk da haka zan yi miki tambaya ɗaya kai tsaye, don ina so ki rayu. Maganar daren nan, kukan gajiya ce da ta fito ta wuce, ko kuwa tunanin cutar da kanki yana dawowa? In yana dawowa, ko kin daina jin ɗanɗanon abinci, ko kina farkawa tsakar dare da nauyi a ƙirji kullum, kada ki riƙe shi ke kaɗai ko na kwana ɗaya. Ki faɗa wa mutum guda da kika amince da shi, ki kuma faɗa wa likita. Ciwon damuwa yana kama masu jinya sosai, yana kuma da magani. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa cikin Kaduna, akwai sashen masu irin wannan damuwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos. Zuwa can ba hauka ba ne, ba kuma zunubi ba ne. In kin kai maigida awon jini, ki miƙa naki hannun a auna.

Yanzu batun ƙauna. Kina auna ƙaunarki ga Allah da abin da kike ji a zuciya, zuciyar kuwa ta gaji, don haka kika ga kamar babu komai a ciki. Ni a wasiƙarki na ga ƙaunar, a inda ba ki duba ba. Na gan ta a ruwan ɗumin da kike haɗawa da asuba, da zanen gadon da kike wankewa, da cokalin da kike kai wa bakin mutumin da ya ture kwanon jiya. Yesu ya ce a Matiyu 25, ranar shari'a zai ce wa waɗansu ya yi rashin lafiya suka kula da shi, su kuwa za su yi mamaki su ce yaushe. Ba su ma san shi suke yi wa ba. Ibraniyawa 6:10 kuma ta ce Allah ba marar adalci ba ne da zai manta da aikinku da ƙaunar da kuka nuna saboda sunansa. Ayar aiki ta ambata. Da ba kya ƙaunar Allah, da maganar daren nan ba ta dame ki har ki rubuto mini ba.

Saboda haka ki koma teburin Ubangiji. Na san ayar da ke tsorata ki, wadda ta yi gargaɗi a kan ci da rashin cancanta. Ki karanta 1 Korantiyawa 11 daga aya 17, za ki ga waɗanda Bulus yake tsawata wa: masu hali ne da suke riga cin nasu su ƙoshi, su bar matalautan ikilisiya da yunwa da kunya. Ba da mace mai jinya da ta yi kuka cikin dare yake ba. In zuciyarki ba ta kwanta ba, ki sami Baba Pasto ki gaya masa abin da kika gaya mini, ku yi addu'a tare. Ki kuma roƙe shi ya riƙa kawo wa maigida Jibin a gida, don shi ma ɗan ikilisiya ne har yanzu.

Su kuma masu cewa gicciyenki ne, ba ƙarya suka yi gaba ɗaya ba. Ranar aurenku kin tsaya gaban Allah da jama'a kin yi alkawarin zama da shi cikin lafiya da rashin lafiya, kuma ba zan ce miki ki sauke wannan ba. Akwai wahalar da ba ta da hanyar kaucewa, mai bi yakan ɗauke ta ya miƙa wa Allah, Allah kuma yakan yi aiki a cikinta ta hanyar da ba mu iya gani tun daga farko. Na gaskata wannan da dukan zuciyata. Amma ki kwance kayan nan ki duba abin da ke ciki. Ciwon maigida yana ciki, wannan naku ne ku biyu. Sai kuma guduwar danginsa, da ƙazafin yayarsa, da kuɗin da annabi ya ci, da shirun ikilisiya, da makarantar 'yarki. Waɗannan mutane ne suka ɗora miki, aka haɗa aka ɗaure aka sa wa ƙunshin sunan Allah. Ƙaunar Allah ba ta wajabta miki ɗaukar abin da waɗansu suka yar don su huta ba.

Ko gicciyen gaske ma, wanda aka kafa a Golgota, a hanya sai da aka sa Saminu Bakurane ya ɗauka. A Getsamani Ubangijinmu bai ɓoye baƙin cikinsa ba, ya ce wa Bitrus da Yakubu da Yahaya su zauna su yi tsaro tare da shi. Labarin da ya fi kama da gidanki kuwa yana Markus sura 2: shanyayyen da aka kawo wa Yesu a Kafarnahum, mutum huɗu ne suka ɗauko shi, suka buɗe rufin ɗaki suka zura shi, kuma Markus ya ce bangaskiyarsu Yesu ya gani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, 'yata. Ke kina riƙe da kusurwa huɗu na tabarmar ke kaɗai, aikinmu yanzu shi ne mu nemo masu kama sauran ukun.

Kafin nan, bari mu yi maganar maigida, don na ji zafin da ke cikin maganarki game da kwanon da yake turewa. Shanyewar ɓarin jiki ciwo ne na ƙwaƙwalwa: jijiyar jini ce take toshewa ko ta fashe, wani sashe ya rasa jini. Ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke tafiyar da ɓarin dama na jiki, a wurin yawancin mutane kuma a nan magana take. Shi ya sa dama da harshe suka tafi tare. Sau da yawa mai irin wannan ciwo yana fahimtar fiye da abin da yake iya furtawa. Ki yi tunanin malamin da ya yi shekaru yana tsaye gaban aji, yau yana neman kalmar ruwa ta ƙi zuwa, matarsa ke masa tsarki, 'yarsa ta bar karatu saboda shi, duk yana gani. Kukan da ke zuwa babu dalili da saurin fushi, su ma ciwon kansa yana kawo su, kuma wajen kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka tsira daga wannan ciwo sukan faɗa ciwon damuwa. Ki gaya wa likitansa wannan dalla-dalla, akwai abin da za a iya ba shi. Ba ƙinki yake yi ba. Ki riƙa yi masa tambayar da zai amsa da kai ko da hannu, ki ba shi lokaci, kada a yi maganarsa a gabansa kamar ba ya nan. Ki bar shi ya yi duk abin da hannun hagu zai iya, ko da abincin zai zube. A zaunar da shi sosai kafin a ba shi abinci don kada ya shaƙe, a rage gishiri da magi, in kuma yana kwance a riƙa juya shi kamar bayan awa biyu-biyu don kada gyambo ya fito masa a baya da ɗuwawu. An fi samun sauƙi da sauri a watannin farko, gaskiya ne, amma gashin ƙashi da motsa jiki suna da amfani ko bayan shekaru, suna hana gaɓoɓi sandarewa. Ki je sashen gashin ƙashi na babban asibiti mafi kusa, a Kafanchan ko Jos ko Kaduna, ki roƙi a koya muku motsin da za ku riƙa yi a gida, ki tafi da wani namiji cikin dangi ya koya tare da ke.

Game da mutumin da ya karɓi kuɗin kekenki, ba zan sassauta ba. Kada ki koma wurinsa. Da almajirai suka ga makaho tun haihuwa suka tambaya zunubin wa ne, Yesu ya ce ba nasa ba ne, ba na iyayensa ba. Da Saminu mai sihiri ya miƙa kuɗi don ya sayi baiwar Allah, Bitrus ya ce masa kuɗinsa su hallaka tare da shi. Wanda ya sa wa warkarwa farashi, ya kuma cusa gaba tsakaninki da dangin mijinki, ba Ruhu Mai Tsarki ne ya aiko shi ba. Hana shan magani kuwa ya fi cin kuɗin muni, don barin maganin hawan jini yana buɗe ƙofa ga bugu na biyu, wanda yakan fi na farko tsanani. Tsoron da ya mayar da ke asibiti hankali ne da Allah ya ba ki. Kada ki ji kunyar an cuce ki. Kin ba da keken ne don kina son mijinki ya tashi, alhakin yana wuyan wanda ya karɓa.

Dangin maigida fa? Ba na son ki ɗauke su duka a matsayin maƙiya. Wani talauci ne ya hana shi zuwa, yana jin kunyar shigowa hannu rabbana. Wani ba ya iya kallon ɗan'uwansa a wannan hali. Yayar da ke zarginki ma, wataƙila neman wanda za ta ɗora wa laifi take don ta kasa yarda cewa ciwo yana zuwa haka kawai. Wannan bai wanke ta ba, kuma bai kamata a bar maganar tana yawo ba. Ki nemi Baba Pasto da dattijo ɗaya da dangin suke jin nauyinsa, su kira zama a gidanku, a gaban maigida. Ki zo da katin asibiti da takardun magani da lissafin abin da ake kashewa a wata. A faɗa a fili cewa hawan jini ne, a kashe maganar jifa a wurin. Sannan kada ki ce "ku taimaka" kawai, don kowa zai ce to ya tafi. Ki ce wane zai ɗauki kuɗin magani, wane zai turo ɗansa ya kwana ran Juma'a da Asabar, wane zai kawo buhun masara in an yi girbi. 1 Timoti 5:8 ta yi magana mai nauyi a kan wanda ya ƙi kula da danginsa, amma ki bar dattijon ya karanta ta, daga bakinsa za ta fi shiga. In sun ƙi, kin fita hakkinsu. Ki juya ga naki dangin da maƙwabta, Kirista da Musulmi, don jinya ba ta tambayar addini kuma sau da yawa na kusa da ƙofa ya fi na jini saurin zuwa.

Ikilisiya ma haka za ki yi da ita. Yawancin masu ce miki ki yi haƙuri ba mugunta ce ta sa su ba, ba su san me za su ce ba ne, ke kuma kullum suna ganinki da tsabta da murmushi sai suka ɗauka kina iyawa. A Ayyukan Manzanni sura 6, da aka riƙa manta da waɗansu mata gwauraye wajen rabon abinci, an yi gunaguni, manzanni kuma ba su ce a yi shiru ba. Sun sa an zaɓi mutum bakwai aka danƙa musu aikin. Faɗin bukata a gidan Allah ba rashin jimrewa ba ne. Ki sami shugabar zumuntar mata ki ce kina bukatar mata biyu su karɓe ki yini ɗaya a mako. Ki ce wa zumuntar maza su ɗauki wanka da aski ko sau biyu a mako, wannan zai rage miki ciwon baya, shi ma zai ji daɗin zama cikin maza 'yan'uwansa. Matasa su ɗebo ruwa, su tura shi a keken guragu zuwa sujada. Ranar da aka karɓe ki kuma, don Allah kada ki mai da ita ranar wanki. Ki kwanta ki yi barci, ko ki je gidan 'yar'uwarki ki ci abincin da ba ke kika dafa ba.

Ba ki faɗa mini inda albashinsa ya tsaya ba. Ki je ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma da reshen ƙungiyar malamai ta NUT, tare da wani abokin aikinsa da ya san hanya. Dokar fansho ta tarayya ta 2014 ta yarda ma'aikacin da likitoci suka tabbatar ba zai iya ci gaba da aiki ba ya yi ritaya ya fara cin kuɗinsa ko bai kai shekara 50 ba, Jihar Kaduna kuma tana bin tsarin adashi irin wannan. Ki tambayi takardun da ake bukata. Ki kuma tambaya a asibiti game da inshorar lafiya ta jiha, KADCHMA, ko sunansa yana ciki, da yadda ku ma za ku shiga. Keken ɗinki kuwa, ki sa shi cikin abubuwan da za ki roƙa a zaman dangi ko a asusun taimako na ikilisiya, ko a matsayin rance. Sana'a ce da za ki yi a ƙofar ɗaki kina jin motsinsa.

Za ki so in ce miki zai warke. Allah yana da iko, muna kuma roƙo, ni ma zan sa ku cikin addu'ata. Amma ba zan yi miki alkawarin da Allah bai ba ni ba. Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, amsar da ya samu ita ce alherin Ubangiji ya ishe shi, ya kuma ci gaba da hidima da ƙayar. In addu'a ta ƙi fitowa, ki ari ta waɗansu. Zabura 13 ta fara da tambayar har yaushe. Zabura 88 ta fara da kuka ta ƙare da duhu, babu ko aya ɗaya ta murna, duk da haka Allah ya bar ta cikin Littafinsa don irin darenki. Ki karanta su da murya, ko kina kuka. Romawa 8:26 ta ce sa'ad da ba mu san yadda za mu yi addu'a ba, Ruhu kansa yana roƙo dominmu da nishin da ba ya faɗuwa. Ki gwada wani abu kuma da yamma: ki ɗauko Littafin Waƙoƙi, ku zauna da yara kusa da gadonsa, ku rera wadda ya fi so tun yana lafiya. Mutane da yawa da wannan ciwo ya kama wa harshe sukan iya bin waƙar da suka sani tun da, ko da magana ta gagara. Ko bai bi ba, zai ji cewa har yanzu shi ne maigidan da ake sujada a ɗakinsa.

Abu ɗaya ne ba zan ce ki jira zaman dangi ko na ikilisiya a kansa ba, wato 'yarki. Na san ba da son ranki kika cire ta ba, kuma na tabbata ita ma ba za ta yi miki ƙorafi ba, irin waɗannan yara sukan haɗiye ne. Amma alkawarin jinya ke kika yi, ita ba ta yi ba, kuma in shekara ta sake zagayowa tana gida komawar za ta yi wuya. Ki zauna da ita ki gode mata, ki gaya mata za ta koma, ki faɗi haka a gaban babanta, don malami ne kuma na san abin yana cinsa. Ki je wurin shugaban makarantar cikin wannan mako ki bayyana halin da ake ciki, ki tambayi ajin da za a mayar da ita da abin da za a iya ɗaga muku na kuɗi. Ta riƙa taya ki da yamma da ranar Asabar kamar sauran ƙannenta. Safiyar da za ta bari kuwa, ita ce ta farko da za ki kai gaban shugabar zumuntar mata ran Lahadi.